ƊIGON JAN MAI A ƘARƘASHIN MOTA: YOYON TIYON SANYAYA BWAT DA MAGANINSA

Duk wanda ya san tashoshin motocin ƙasarmu shekaru 40 da suka wuce, ya san zamanin Peugeot 404 da 504 da manyan kamyo-kamyon Berliet. A wancan lokaci shofer shi ke taka kuloci, shi ke sa giya da hannunsa, kuma akwatin giya, wanda makanisiyoyi ke kira bwat, ba ya bukatar kome sai ɗan mai mai kauri da ake dubawa jefi-jefi. Yau al'amari ya sake. A titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, motoci masu canza giya da kansu, waɗanda ake kira otomatik, sun yawaita ƙwarai, tun daga ƙananan motocin ma'aikata har zuwa manyan motocin jeji na ƴan kasuwa da na hukuma.

Motar otomatik tana da daɗin tuƙi, amma ta zo da wata lalura wadda masu motoci da yawa ba su sani ba sai ranar da ta tsai da su a hanya. Lalurar ba ta wuce wasu siraran tiyo guda biyu ba, waɗanda kaurinsu bai kai na ɗan yatsa ba, masu kai man bwat gaban mota ya huce, su komo da shi. Gyaran tiyon nan na jikkuna kaɗan ne, amma in aka yi sakaci da shi, ya kan ja asarar ɗaruruwan jikkuna, wani lokaci ma har motar ta ƙone ƙurmus.

Aikin da man bwat ke yi

Kamfanin General Motors na Amurka shi ya fara sayar da bwat otomatik da yawa, a motocinsa Oldsmobile na shekarar 1940, kuma shi ya fito da man nan mai suna Dexron a 1967. Ko da yake an yi ta kyautata ƙirar tun daga lokacin, tushen aikin yana nan: mai shi ne kome. Tsakanin moter da bwat akwai wata ƙwaryar ƙarfe rufaffiya cike da mai, wadda ake kira kombertiser. A cikinta akwai fikafikai biyu suna fuskantar juna. Moter na juya na farko, na farko ya watsa mai da ƙarfi a kan na biyu, na biyu kuma ya juya bwat. Man nan kuma shi ke matse fayafayan da ke canza giya, shi ke shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna, shi ke kwashe zafi.

Wannan guguwar da mai ke yi cikin kombertiser ita ce ke haifar da zafi mai yawa, musamman in mota na ɗauke da kaya, ko tana hawan tudu, ko tana fama cikin rairayi. Man bwat ya fi jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce, duk lokacin da zafin ya ƙaru da kamar digiri 10 bisa wannan, kwanakin man sun ragu da rabi. In ya haura digiri 120, robobin da ke cikin bwat sai su fara ƙandarewa. In ya kusa 150, fayafayan su ƙone.

Domin haka ne masu ƙera motoci suka sa wani ɗan bututu cikin tankin radiyater, a ɓangaren da ruwan ya riga ya huce. Tiyo ɗaya na kawo mai mai zafi daga bwat, man ya ratsa cikin bututun ba tare da ya gauraya da ruwa ba, tiyo na biyu ya mai da shi. Da sanyin safiyar hunturu kuma ruwan radiyater ke taimaka wa man ya ɗumama da wuri. Wasu motocin suna da ƙaramin radiyater na dabam don mai kaɗai, a gaban babban.

Abin da ya kamata kowane shofer ya riƙe shi ne yawan man da ke bi ta nan. Ko mota na tsaye, in dai moter na aiki, kimanin litir 1 ke wucewa cikin daƙiƙa 20. Duka man da ke cikin bwat ɗin ƙaramar mota bai wuce litir 7 zuwa 12 ba, kuma kaso mai yawa na cikin kombertiser. Ke nan in tiyo ya kwaɓe gaba ɗaya, cikin minti ɗaya zuwa biyu famfon bwat ya fara zuƙar iska.

Dalilan da ke sa tiyon yoyo

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko a nan, sau da yawa, ba a ƙasarmu ta samu ba. Mafi yawan motocin da ake sayarwa a kasuwanninmu sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin a sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kotonu ko ta Lome. Shekaru da dama hanyar Kotonu ce babba, har zuwa 2023 da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, ƴan kasuwa da yawa suka karkata ga hanyar Lome ta Burkina Faso. A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Beljiyam da Kanada da arewacin Amurka, ana watsa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara don ta narke. Ruwan gishirin nan na fantsama ƙarƙashin mota shekara da shekaru, yana cin tiyon ƙarfe, musamman a ƙarƙashin maƙalan da ke riƙe da shi, inda laima ke ɓuya. Mota sai ta iso tana ƙyalli ta sama, alhali tiyonta ya zama kamar ɓawon albasa.

Abin da gishiri ya fara, hanyoyinmu ke ƙarasawa. Hanyar marmara mai ƙunya-ƙunya da ramukan gudron suna girgiza mota ba hutu. In maƙali ɗaya ya faɗi, tiyo sai ya riƙa gugar jikin mota ko wani ƙarfe, kuma yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Tsakuwa da kututture su ma suna iya lotsa shi ko su huda shi.

Na uku shi ne zafi. Ƙarshen tiyon ƙarfe, wajen radiyater, ana haɗa shi da guntun tiyon roba domin ya ba da hanya ga motsin moter. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke kai digiri 45 a inuwa, roba na saurin tsufa: ta bushe, ta tsattsage, ko kuwa ta yi laushi ta kumbura. Wurin da aka matse roba da ƙarfe a masana'anta shi ne ya fi saurin fara tsattsafowa. Haka nan zoben robar da ke cikin mahaɗa ya kan ƙandare ya bar riƙe mai.

Na huɗu hannun ɗan Adam ne. Wanda ya cire radiyater don wani gyara, sa'an nan ya ɗaura goro a karkace, ko ya ɗaure shi fiye da kima, ko ya mance da ƴar wayar da ke kulle mahaɗa, ya dasa wa mai mota wahala ba tare da ya sani ba.

Yadda ake gane shi

Alamar farko ɗigo ce a ƙasa inda mota ta kwana, daga gaba wajen radiyater ko ta gefen moter. Man bwat galibi ja ne in yana sabo, ya koma ruwan ƙasa in ya tsufa, yana da santsi kuma bai kai luwul ɗin moter kauri ba. Amma a yi hattara da abu uku. Ruwan radiyater na motocin Toyota shi ma ja ne ko ruwan hoda, sai dai in an murza shi a yatsa ruwa-ruwa ne, ba shi da maiƙon mai. Sitiyarin motoci da yawa kuma irin wannan jan man yake sha, saboda haka sai an bi sawun jiƙar an ga inda ta fito. Sa'an nan wasu sababbin motoci man bwat ɗinsu kore ne ko ruwan zuma.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin mota da dare, da safe a duba. In an ga ɗigo, sai a wanke wurin, a bar shi ya bushe, a ta da moter, a bi tiyon biyu da fitila daga bwat har radiyater. Iskar tafiya tana kora mai baya, don haka wurin da ya jiƙe wanda ya fi kowane zama gaba kuma sama, nan ne ramin yake. Mai dubawa ya kiyayi fanka da bel, kada kuma ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Motar kanta tana faɗin ciwonta ga mai kunnen ji. In an sa giya ta yi jinkiri kafin ta kama, in moter na kuka amma gudu bai ƙaru ba, in giya na shiga da fizga, in ana jin ƙaurin mai, to man ya yi ƙasa. A yawancin motoci ana awon man bwat ne moter na aiki, ya yi zafi, mota na kan wuri madaidaici, an bi da sandar giya ta kowane matsayi an tsai da ita a P. Motocin Honda da yawa sai an kashe moter ake awo. Wasu sababbi kuwa ba su da sandar awo sam, sai a garaji ake dubawa ta wani goro da ke jikin bwat.

Akwai kuma yoyon da ba ya ɗiga ƙasa, kuma shi ne mafi muni. In bututun da ke cikin radiyater ya tsage, ruwa da mai sai su gauraya. Wanda ya buɗe murfin radiyater, bayan moter ya huce, zai ga wani abu mai kauri kamar kunun da aka zuba wa jar kala. Ruwa na saɓule fatar da aka manna a fayafayan bwat, kuma ko kaɗan ne ya isa ɓarna. Wannan ciwo ya shahara a motocin Nissan Pathfinder da Xterra da Frontier ƙirar 2005 zuwa 2010, har kamfanin ya ƙara wa'adin garantin radiyaterinsu a Amurka, kuma an san shi a tsofaffin Toyota 4Runner ƙirar 1996 zuwa 2002. Mai irin waɗannan motoci ya kyautu ya riƙa leƙa radiyaterinsa a kai a kai.

In abin ya faru a hanya

Daga Yamai zuwa Maraɗi wajen kilomita 660 ne, zuwa Damagaram kusan 900. Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilomita 400, kuma bayan Abalak garuruwa sun yi nisa da juna. Motar da ta mutu a irin wannan wuri da tsakar bazara, da mata da yara a ciki, maganar ta wuce ta dukiya. Saboda haka sanin abin yi wajibi ne.

Farko dai a tsaya. Da zarar shofer ya ga hayaƙi fari na tashi daga ƙarƙashi, ko ya ga layin mai a madubi, ko ya ji mota ta saki, ya ratse gefe ya kashe moter nan take. Cewa bari a lallaɓa a kai gari na gaba ita ce ke kashe bwat. Ban da haka, man da ke feshi bisa bututun hayaƙi mai zafi yana kama wuta, don haka a fitar da mutane, a sa abin kashe gobara kusa, ko aƙalla rairayi.

In tiyon roba ne ya fashe kusa da baki, ana iya yanke wurin da ya lalace a sake cusa shi a ɗaure da kolye. In na ƙarfe ne ya huje, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ƙarfe mai lafiya, a haɗa da guntun tiyon roba, a tura shi ya shiga sosai, a sa kolye biyu a kowane gefe. In bakin radiyater ne ya karye, ko ruwa ya fara shiga mai, ana iya haɗa tiyon zuwa da na dawowa da juna a tsallake radiyater, a toshe bakunan radiyater ɗin. Sai dai man ba ya hucewa a wannan hali, don haka a tafi sannu, a riƙa hutawa, kuma iyakarta garaji mafi kusa.

Abu biyu ne ba a yi. Ba a toshe tiyon ko a lanƙwashe shi a danne don yoyo ya tsaya, domin man da ke dawowa daga radiyater shi ke shafe ƙarafan cikin bwat. Wanda ya toshe shi ya yanke musu abinci. Ba a kuma dogara ga ɗaurin robar tayar keke, wadda ke maganin tiyon ruwa, domin mai mai zafi na narkar da ita.

Bayan ɗauri sai a cika man da ya zube, kaɗan-kaɗan ana awo. In ba a sami mai ba, gara a jira. Motar otomatik ba ta tashi da turi, kuma janta da igiya tayu na ƙasa yana ɓata bwat, tun da famfon mai ba ya aiki in moter na kashe. Littattafan motoci da yawa sun ƙayyade kada a wuce kilomita 50, da gudun da bai wuce 50 a awa ba. In tafiyar ta fi haka, a kwance kardan ko a ɗora motar bisa kamyo.

Gyaran garaji

Ɗaurin hanya na hanya ne. Gyaran gaskiya shi ne a sake tiyon dungum, kuma in tsatsa ce ta ci ɗaya, a sake duka biyun, don shekarunsu ɗaya. In ba a sami na ainihin motar ba, gwanin makanisiye na iya lanƙwasa sabon tiyon ƙarfe mai kauri ɗaya, galibi milimita 8 ko 10, ya bi hanyar tsohon, ya buɗa bakinsa da abin buɗa baki. Duk inda roba za ta hau ƙarfe, sai an yi wa ƙarfen ɗan tudu a baki, in ba haka ba ranar da mai ya yi zafi robar za ta zame. Tiyon jan ƙarfe yana da daɗin lanƙwasa, amma girgiza na sa shi tsagewa. Walda kuwa, in ta zama dole, sai an ciro tiyon an wanke shi sarai. Kunna wuta kusa da mai a jikin mota ganganci ne.

Maganar roba tana bukatar kulawa, domin a nan ne araha ke yaudarar mutane. Tiyon isansi da tiyon ruwa sun yi kama da na man bwat a ido, amma ba a yi su don mai mai zafi haka ba, kuma ba su daɗewa sai su kumbura. Na ainihi yana da rubutu a jikinsa da ke nuna na man bwat ne, sau da yawa da lamba J1019 ko J1532. Mai mota yana da haƙƙin ya ce a nuna masa. Araha ba ta ado.

Wajen kwance goron tiyo, a yi aiki da kile mai tsagaggen baki wanda ke rungumar goron, a riƙe bakin radiyater da kile na biyu don kada ya murɗe ya tsaga bututun ciki. A sa sabon zoben roba da sabuwar wayar kulle. A mai da kowane maƙali wurinsa, a tabbata tiyo bai taɓa bututun hayaƙi ko wani abu mai motsi ba.

Sai mai. Kowane bwat da irin nasa: Dexron, ko T-IV da WS na Toyota, ko na bwat ɗin da ake kira CVT, wanda nasa dabam ne ƙwarai. Littafin mota ko kan sandar awo na faɗin wanda ya dace. A sayi mai cikin galan rufaffe, a guji na awo a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba, kuma kada a zuba luwul ɗin moter. Cikawa fiye da kima ita ma illa ce, don man na yin kumfa. In ruwa ya riga ya shiga, sai an sake radiyater, an wanke tiyo, an yi bidanji fiye da sau ɗaya, kuma duk da haka sau da yawa sai an buɗe bwat. Haka kuma wanda ya sa sabon bwat bai wanke tiyo da bututun radiyater ba, ya mai da dattin tsohon cikin sabon.

Manyan motoci ma abin ya shafe su. Bas-bas da motocin kashe gobara da yawa suna da bwat otomatik irin na kamfanin Allison, kuma wasu manyan kamyo masu giyar hannu suna da abin sanyaya man bwat, ko birkin mai da ke taimaka musu a gangara. Tiyonsu ya fi tsawo, mansu ya fi yawa, ƙa'idar kuwa ɗaya ce. Karen mota da ke buga tayu kowace safiya, ya kamata a koya masa leƙa waɗannan tiyo.

Rigakafi

Wanda zai sayi motar hannu, kafin ya biya, ya sa a ɗaga ta a duba ƙarƙashinta, a kankare tiyon da farce a ga ko tsatsa na zuba. A kowane bidanji a roƙi makanisiye ya bi tiyon da ido da hannu. Bayan damina a wanke fuskar radiyater daga taɓo da ƙaiƙayi da ƙwari, domin radiyaterin da ya toshe ba ya sanyaya ruwa, balle mai. Mai shiga rairayi da motar jeji ya sa ƙaramar giya tun da wuri, kada ya bar kombertiser na ta dakan mai. Mai jan kaya ko mai yawan doguwar tafiya zai amfana in ya ƙara ƙaramin radiyater na mai a gaban babban. Kuma kafin kowace tafiya, a ajiye cikin mota guntun tiyo na ainihi, da kolye huɗu, da litir 3 ko 4 na man da ya dace, da mazurari, da abin kashe gobara.

Tsohon man da aka sauke kuma kada a zubar da shi a ƙasa ko a magudanar ruwa, musamman kusa da rijiya, domin yana gurɓata ruwan sha na jama'a da na dabbobi. A tara shi cikin tano a rufe.

Ƙasarmu ba ta da bakin teku, kuma kowane bwat da ya ƙone sai an sayo madadinsa daga waje, da kuɗin da ya kamata su shiga gona ko karatun yara. Saboda haka ana kira ga shugabannin ƙungiyoyin shofofi, da masu garaji, da malaman makarantun koyon tuƙi da na koyon sana'a, da su sa wannan darasi cikin abin da suke koya wa matasa. Ana kuma kira ga masu motoci da su saba da duba ƙasa kowace safiya kafin su ta da moter, domin rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.